Damtsen Baiwa

Ranar da likitoci biyu za su zo duba lamba, Lawwali ya tashi tun asuba yana leƙen hanya. Shi ne ma'aikacin asibiti daga Matameye da ya tsaga wa mutanen Ɗan Barto lambar rigakafin agana, kuma ya san abin da ya ɓoye. Maganin ya yi kwana uku a bayan raƙumi cikin zafin bazara, ya iso a mace murus. Yau kwana goma, ko yaro ɗaya lambarsa ba ta tashi ba. Ga agana ta riga ta shigo ƙauyukan tsallaken iyaka.

Aikin na haɗin gwiwa ne, Faransi da Ingilishi, kowa da gefensa na iyaka. Awonsu ɗaya tak: a ɗaga hannun riga, a ƙirga tabo. In tabo ya cika, a wuce da sabon magani gaba. In babu, a sake yi, amma wanda ya yi na farko ya naɗe tabarmarsa.

Mai gari Shekara, tsoho mai wayon tsiya, ya ja shi gefe. "Malam Lawwali, kwantar da hankalinka. Na tara 'yan cin rani, duk an yi masu a Kano bara. Wa zai tambayi tabo garinsu?"

Haka kuwa aka yi. Aka jera ƙarti arba'in a gindin tsamiya, kowa da tabonsa ɓaro-ɓaro. Likitan Faransi ya dafa kafaɗar Lawwali yana murmushi. Na Ingilishi kuwa sai rubutu yake yi, bawan Allah, yana yaba wa maƙwabta, bai san tabon aikin mutanensa na Kano ba ne! Direba ya ɗora akwatin magani a mota, ya tada inji.

A nan ne Lawwali ya hango matarsa A'isha ta kafar zana, ta zo ganin gida nan garin iyayenta, da 'yarsu Baiwa a goye. Ya shafa fuskarsa, ya ji ramukan zanzanar da agana ta bar masa shekarar da ta kwashe ƙannensa biyu. Sai ya juya ya nufi gidan.

"Kai, ina za ka?" in ji Shekara, ya cafke masa riga. Ya fizge.

Ya dawo da yarinyar a kafaɗa, ya tsaya gaban motar, ya ɗaga damtsenta. Sumul, ko ɗigo babu.

"'Yata ce, ni na yi mata da hannuna. Yaran garin nan duk haka suke. Waɗancan tabon na Kano ne."

Likitan Faransi ya yi jajir, ya miƙa hannu, Lawwali ya cire farar rigar aikinsa ya ba shi. Sannan aka ce da direba ya sauke akwatin.

Da aka ja layi, Lawwali ne a gaba, ba aiki, daga shi sai 'yar shara. Ya riƙe hannun Baiwa gam, wani ya tsaga. Ta tsala ihu, shi kuwa ya ce alhamdulillahi.