Kujerar Mai Zaman Banza

Tana fama da madaurin kujerar yara a bayan mota sai ta ji dariyar 'yarta daga gaba. Ta ɗago. Surukinta ya riga ya zauna kusa da direba, ya ɗora jikarsa a cinya, yarinyar tana ta dukan gilashi da tafin hannu.

Sabuwar doka ta hana a zaunar da ƙaramin yaro a gaban mota. Ita ba kamun jami'an hanya ne ya dame ta ba. Tazarar da ke tsakanin goshin yarinyar da gilashin take kallo, ba ta kai kamu ɗaya ba.

Ta harari mijinta da ke kujerar direba. Ya ɗauke kai, ya shiga gyaran madubin da ba abin da ya same shi.

"Baba," ta ce a hankali, "ga kujerarta nan a baya."

"Wannan kejin?" Tsohon ya yi tsaki. "Wannan da ke tuƙa mu, a cinyata ya girma. Me ya same shi? Ki bar min matata, 'yata. Ko ba haka ba, amarya?"

Yarinyar ta cafke gemunsa.

Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa mayar masa da magana ba, kuma ba yau za ta fara ba. Amma ba ta shiga motar ba. Ta zagaya ta rusuna a bakin tagarsa.

"Baba, ni kunya nake taya ka. Amaryarka guda, ka ajiye ta a kujerar mai zaman banza? Ai manyan mata a baya suke hakimcewa, a ja su."

Mijin ya ƙware da dariya, ya mayar da ita tari.

Tsohon ya dubi kujerar da yake kai, ya dubi ɗansa. "Wato duk shekarun nan, ni ne mai zaman banzan?"



Ya buɗe ƙofa ya fito yana gunaguni, ya miƙo mata yarinyar. Ta zaunar da ita, ta ja madauri har ya ce ƙas, ta zura yatsu biyu ta gwada. Kafin ta miƙe, tsohon ya zagaya ya zauna gefen jikarsa.

"Ina nawa bel ɗin? Ango ba ya barin amarya ita kaɗai."

Wuri ɗaya ya rage. Ta shiga gaba.

"Sannu da zuwa, mai zaman banza," in ji mijinta ƙasa-ƙasa.

"Ɗaura naka," ta ce, "kuma ka tafi a hankali. Manya ka ɗauko."