Ranar da Fumie Ta Zama 'Yata

Shekarata tamanin da ɗaya. Makaranta aji shida na yi, sauran duk a gonar lemo na ƙare, a tsibirin nan. Bara na faɗi a tudu, ƙugu ya tsage. A asibiti suka ce sai ɗan uwa ya sa hannu ya tsaya mini. Na kira Shigeki, ɗana tilo, a Osaka.

"Baba, aiki ya sha mini kai. Nemi wani mana."

Fumie ce ta zo, matar da ya saka. Shekara bakwai ta yi tana jinyar uwarsa, ita ta rufe mata ido. Ana gama kwana arba'in da tara na makoki ya aiko mata da takardar saki.

Malamar asibiti ta tambaye ta, "Mece ce ke a wurinsa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba komai."

Duk da haka ita ta zauna da ni har aka sallame ni.

Da sabuwar shekara Shigeki ya zo da hotunan wani gidan tsofaffi.

"Ga wanka mai zafi, ga likita. Gonar a sayar, ƙafarka ta gama hawa tudu."

"Kabarin uwarka fa?"

"A kwashe tokar gawarta a kai birni."

Na ɓare lemo na miƙa masa. Ya ci, ya tafi.

Washegari na dogara sanda zuwa gidan Genzo masunci. Na ce ya ɗauko hatiminsa, matarsa ma ta ɗauko nata, shaidu biyu nake nema.

"Kai gurgu, aure za ka yi?"

"Haihuwa zan yi, kurma."

A wurinmu in gida ya rasa mai riƙe shi, akan ɗauki babban mutum a shigar da shi takardar iyali, ya zama ɗa. Kakana ma ta haka ya shigo gidanmu na Kuwabara.

Fumie ta ƙi da farko. "Baba, ba don gona nake zuwa ba."

"Na sani. Shi ya sa."

Muka je ofishin gari. Na buga hatimina da hannuna. Muka tsara sauran: mai jinya ta riƙa zuwa sau uku a mako don kada in karya Fumie yadda jinyar matata ta karya ta, a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Ranar da hankalina ya gushe, Fumie ce mai magana a kaina.

Da lemo ya yi fure Shigeki ya dawo, da mutumin gidan tsofaffi a bayansa, an ce za a auna ni. Ya tarar da Fumie tana kunna turare gaban hoton uwarsa, a wurin da babban ɗa yake durƙusawa.

"Me wannan take yi a nan?"

Na tura masa takardar. Ya karanta sau biyu, kunnuwansa suka yi ja.

"Baba, ka zautu ne? Matata ce fa!"

"Ka yar, na tsinta. Ta girme ka da shekara biyu. Gaishe da yayarka."

Baƙon ya tambaya wa zai sa hannu a tafi da ni.

Fumie ta ce, "Babu inda mahaifina zai je."

Na dubi Shigeki. "Jirgin ruwa na ƙarfe uku ba ya jira. Takalmanka suna bakin ƙofa."