Abin da Malama Badi'a Ta Gaya wa Hafsat

Shekara bakwai Hafsat ta yi tana zargin kanta. Lokacin da take da cikin Rumaisa ba ta daina zuwa aiki ba a wani kamfanin roba a Sharada, inda take jera bokitai kusa da injin da ba ka jin maganar na gefenka. Da aka haifi yarinyar da farar yana a ido ɗaya, aka kuma gane ba ta ji, sai maƙwabta a Panshekara suka ce ƙarar injin ce ta toshe mata kunne tun a ciki. Hafsat ta yarda.

Wata Asabar masu rigakafin ƙyanda da rubela suka kafa teburinsu a ƙofar gidan mai unguwa. Hafsat ta kai 'ya'yanta uku. Malama Badi'a, dattijuwar ma'aikaciyar lafiya, ta lura Rumaisa da hannu take magana.

"Haka aka haife ta?"

"Haka ne, Malama. Ni na ja mata, da aikin kamfani."

Malama Badi'a ta ajiye allurar. "'Yata, a farkon cikin kin yi zazzaɓi da ƙuraje?"

Hafsat ta tuna baya. "Na yi wasu ƙanana, kwana uku suka ɓace. Ko aiki ban fasa ba."

"Ba zan rantse ba tunda ba a yi gwaji ba, amma wannan ya yi kama da rubela. Ga babba ba ta da zafi, jaririn da ke ciki take taɓa wa ido da kunne, wani lokaci har zuciya. A iska ake ɗaukarta, ko kina zaune a ɗaki za ta iya samunki. Ki daina ɗora wa kanki."

Hafsat ta rufe fuska da mayafi, ta yi kuka mai isarta.

"Shi ya sa muke yi wa yara, maza da mata," in ji Malama Badi'a. "In ba su ɗauka ba, ba za su kai wa masu ciki ba." Ta rubuta mata takardar asibiti a duba zuciyar Rumaisa.

"Allah Ya saka muku da alheri, Malama. Allah Ya jiƙan mahaifa."

Bayan azahar Hafsat ta dawo da jarkar zoɓo mai sanyi don ma'aikatan, ga 'ya'yan maƙwabta biyar a bayanta.