Gauraka a Gindin Turmi

Amatullah ta dawo daga makarantar da take koyar da zane, ta tarar da gauraka ɗaure a gindin turmi. Tukkunsa mai ruwan zinariya ya karkace, an datse masa gashin fiffike ɗaya da almakashi.

"Ga shi nan, ɗiyata!" in ji Kawu Barau, yana washe baki. "Ba ke kika ce ba shi tsayawa wuri guda ba? To, ya tsaya. Ki huta da shan rana."

Jakarta ta suɓuce ta faɗi.

Tun farkon damina take zuwa ɗan gandun tsuntsayen da aka killace a bakin garin Talata Mafara, tana zana su da fensir, in ta koma gida ta bi da fentin ruwa. Jibo mai gadi ne ya ɗaga mata wayar shinge ta ratsa har fadamar da gauraki biyu suka yi sheƙa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mata.

"Ki zana tsuntsu, malama. Kada ki zana hanya."

Amma da ta zo sa launi sai ta ga bayan hoton ya yi fayau. Ta ƙara giginyar nan da tsawa ta tsaga, ta ƙara karyayyen kwalbati. Ya kuwa yi kyau. Da Kawu ya zo daga Damri, ita da kanta ta miƙa masa, tana jiran yabo. Ta manta tsohon maharbi ne, alamun nan biyu sun ishe shi gane wurin.

"Kawu, ƙwai gare su," in ji Amatullah.

"Macen na can, ai. Ni ban taɓa ta ba. Mi ya faru, ko bai yi miki ba?"

Ta durƙusa za ta kwance igiyar, ko da yake ta san ba zai iya tashi ba. A nan hasken la'asar ya sauka a kuncinsa. Ashe ba fari ba ne zalla, akwai wani ja-ja daga ƙasa, wanda ba ta taɓa hangowa daga cikin ciyawa ba.

Ba ta san lokacin da ta ɗauko buroshi ba. Launi na zama daram a kan takarda. Ba ta taɓa yin zane irin wannan ba.

"Salamu alaikum!"

Muryar Jibo ce daga zaure. Ta fita, takardar na hannunta, ba ta ko bushe ba.

"Malama, ina wuni? A gafarce ni. Namijin ya ɓace. Macen ta bar ƙwai tun safe, sai kewaya take tana kira. Na ce bari in tambaye ki, ke kaɗai na taɓa kaiwa wurin."

Ta mayar da takardar bayanta. Jan fentin ya gangaro, ya ɗiga a dunduniyarta.

Daga tsakar gida, gauraka ya yi kuka.