Azumin da Tela Ta Karya

Matar maigadin coci ta haihu ranar Litinin, jini kuma ya ƙi tsayawa. Da labari ya iso zumuntar mata, Uwar Zumunta ta yanke cewa kowa ta ɗauki azumi na kwana uku, daga safe zuwa ƙarfe shida na yamma. Babu wadda ta ɗauki abin da zafi kamar Tela. Ita dai in ta ce za ta yi abu, ko allura ta soke ta ba ta ɗagawa daga kan keken ɗinki.

Ranar Laraba da tsakar rana maigadi ya kira. Za a shiga da matarsa tiyata ƙarfe biyu, ana neman jini, irin nata kuma babu shi a asibitin. Mata bakwai suka cika mota, suna addu'a har bakin ƙofa.

Nas ta jera su a benci ta soki yatsan kowacce. Shida ba su dace ba. Ta ɗago ta nuna Tela.

"Ke ce. Me kika ci yau?"

"Azumi muke yi mata," in ji Tela, har da ɗan alfahari.

Nas ta ajiye audugar hannunta. "Wato tun jiya babu komai a cikinki? Baiwar Allah, in na ɗebi jini leda guda a jikinki yanzu, marasa lafiya biyu zan samu. Je ki ci, ki sha ruwa sosai, ki dawo bayan awa ɗaya."

Agogon bango ya nuna sha biyu da rabi. Gaban Tela ya faɗi. Ta yi wa Ubangiji alkawarin kwana uku saboda matar nan, ga shi saura awa biyar da rabi ta cika. In ta karya, matar kuma ta mutu fa? Wa zai fitar mata da shi daga rai cewa ba ita ta jawo ba? Tsoro ya kama ta sosai.

Uwar Zumunta ta matso kusa da nas. "'Yata, ba za a iya jira zuwa shida ba?"

"Mama, likita ya ce biyu," in ji nas. "Jinin da take zubarwa ba ya duba agogonku."

Maigadi yana tsaye jikin bango da hularsa a hannu. Bai roƙi kowa ba. Shekara goma yana buɗe musu ƙofa yana rufewa, bai saba tambayar su komai ba. Tela ta dube shi sau ɗaya, ta kasa sake dubawa.

"A kawo mini abinci," ta ce.

Uwar Zumunta ta fita da kanta, da ciwon gwiwarta da komai. Ta dawo da burodi da shayi mai zafi da ruwan gora biyu. Ta gutsura ta sa wa Tela a hannu.

"Ci. Mu shida za mu ƙarasa."

Tela ta kai burodin baki. Tana taunawa tana hawaye, tana cewa a ranta, Yesu ka gani, ba yunwa ce ta sa ni ba. Rabi ta iya ci. Sauran suka kewaye ta suna kallon agogo, wata na tura mata ruwa kamar mai shayar da jariri.

Ɗaya da rabi nas ta kwantar da ita. Ledar ta cika a hankali, a hankalin da ya isa ya tsayar da zuciyar mutum. Biyu saura kaɗan aka wuce da matar a kan gado mai taya, leɓɓanta sun yi fari, ko ido ba ta buɗe ba. Ƙofar tiyata ta rufe.

Sun yi addu'a har kalmomi suka ƙare musu. Wajen ƙarfe huɗu nas ta leƙo.

"Jinin ya tsaya. Tana numfashi da kanta."

Maigadi ya sulale ƙasa ya zauna, ya rufe fuska da hula. Tela, da auduga manne a hannu, ta miƙa masa ragowar burodin.

"Baba, sa wani abu a cikinka."

Ya karɓa da hannu biyu. Bai ci ba. Ya naɗe burodin da kyau a ledarsa ya tura a aljihu.

"Na yara ne," ya ce. "Tun Litinin ba a hura wuta a gidan ba."

Matan suka dubi juna. Kwana uku suna zama da yunwa saboda gidansa, kuma a cikinsu babu wadda ta taka ta leƙa tukunyar.