Kujerar Mijina

Shekara guda da rasuwar mijina, ban taɓa matsar da kujerarsa ta mota ba. Dogo ne, don haka da filo a bayana nake tuƙi.

Da batir ya mutu, bakanike ya ce a ƙarƙashin kujerar direba aka ɓoye shi, sai an cire ta.

"Ka mayar min da ita yadda take," na ce.

Na dawo na tarar ya matso da ita gaba, filon yana yashe a baya.

"Daidai tsawonki, uwar ɗakina!"

"Wa ya aike ka?" na ce. "Mayar da ita."

Ya ja ta baya, ya ƙara ja. "Nan ne?"

Ni ma ban sani ba.