Baba Ɗorawa

"Wallahi ba zan hau ba sai ka sa," in ji Malam Yahuza.

Suna tsaye a bakin ƙofar asibiti a Birnin Kudu, la'asar ta yi sanyi, hadari na haɗowa ta gabas. Rabi'u, maƙwabcinsa na katanga ɗaya a Kiyako, ya riga ya tayar da babur. Ba don dattijon ya warke aka sallame shi ba. Likita ya ja Rabi'u gefe ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a, ciwon hantar ya ci ƙarfinsa.

"Haba Baba, ko tsayuwa ba ka iya yi, amma kana rigimar riga?"

"Dubi kanka. Baƙar riga, baƙin wando, ga hadari. Ni da ke gabanka ma da ƙyar nake ganinka."

Inna Bara'atu, matar dattijon, ta buɗe ledar kayan jinya ta zaro falmaran ɗin nan da kowa ya san shi da ita, ruwan ɗorawa mai ratsin ƙyalli. Rabi'u ya sa, yana jin kunyar 'yan acaɓar da ke kallonsa. Aka ɗora marar lafiya a tsakiya. Ita ma Inna ba ta tsira ba, sai da ta yafa farin zane a kan shuɗin hijabinta, don ita ce a baya.

Tun Rabi'u na saurayi yake ganin wannan riga. Malam Yahuza yana dakon hatsi da kayan miya a babur tsakanin Kiyako da Gwaram, wani lokaci har Basirka, kullum da falmaran a kan babbar riga, da farar hular kwano. Samari suka laƙaba masa Baba Ɗorawa, shi kuwa ya amsa. Manya ne kawai suka san mafarin abin. Ƙanensa Abu, wata magariba ana yayyafi, mota ta buge shi a kan babur yana sanye da baƙar rigar sanyi. Direban ya durƙusa a titi yana kuka yana cewa, "Wallahi ban gan shi ba." Mutane suka so su yi masa duka, Malam Yahuza ya tare su. Ya je ya tsaya inda motar ta taso, ya dubi inda gawar ƙanensa take, shi ma bai hango ta ba.

Daga ranar bai ƙara barin kowa ya huta ba. In ka ajiye babur a ƙofar gidansa, kafin ka fito ka tarar ya manna maka ƙyalle mai ƙyalli a bayan kariyar ɗora kaya.

Kwanakinsa na ƙarshe a zaure ya yi su, kan tabarma, ya jingina da buhun gero. 'Yan acaɓa suna zuwa dubiya.

"Yaya jiki, Baba?"

"Da godiya. Fitilarka ta baya ka gyara kuwa?"

"Gobe insha Allahu."

"Goben nan taka tun bara nake jiranta."

Sai a yi dariya, a fita ana share ido. Wata rana da suka rage su biyu, Rabi'u ya ce, "Baba, ai kwana in ya ƙare ba rigar da za ta tare."

"Gaskiya ne. Ga ni nan, nawa ya zo, ba a titi ba." Ya numfasa. "Amma direban nan da ya buge Abu, an ce bai ƙara taɓa sitiyari ba har ya mutu. Shi fa me ya yi?"

Ranar Laraba bayan azahar ya cika, Rabi'u na riƙe da hannunsa, Inna na maimaita masa kalmar shahada.

A rana ta uku ana zaman makoki, wata babbar mota ɗauke da albasa ta tsaya a bakin titi. Wani ƙaton mutum ya sauko, ya yi sallama, ya tsaya yana murza hularsa. Ba wanda ya san shi.

"Sunana Maikano. Don Allah nan ne gidan dattijon nan mai rigar ɗorawa? A Gwaram na ji labarin rasuwarsa."

Rabi'u ya ce nan ne, ya tambaye shi ko ɗan'uwa ne.

"Ko sunansa ban sani ba. Shekarun baya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na shawo kwana da kaya. Baburinsa ya mutu a tsakiyar hanya, ba fitila. Rigar ce ta haska mini, na taka burki. Tun daga nan duk inda muka haɗu sai in yi masa ham, shi kuma ya ɗaga hannu." Ya sake murza hularsa. "Kullum ina cewa wata rana zan tsaya mu gaisa."

Aka yi addu'a, aka shafa. Rabi'u ya matsa masa wuri, ya zuba masa shayi. Maikano ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, ya riƙe kofin da hannu biyu, bai sha ba. Can a bakin titi motarsa na tsaye a kashe, awaki suna shinshinar buhunan albasa.